Lesin: Yadda Aljihun Uba Ke Shiga Ɗakin Jarabawa

A ranar 30 ga watan Yulin 1980, sojojin da suka ƙwace mulki a Koriya ta Kudu ƙarƙashin Janar Chun Doo-hwan suka kafa wata doka da ba a saba jin irinta daga bakin soja ba: suka haramta lesin. Daga ranar, laifi ne mutum ya karɓi kuɗi ya koya wa ɗalibi darasin makaranta a wajen aji, laifi ne kuma uba ya biya. Ma'aikacin gwamnatin da aka kama ya ɗauko wa ɗansa malami yana iya rasa aikinsa. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: 'ya'yan masu hali suna sayen ƙarin karatu suna cinye guraben jami'a, ɗan talaka kuwa sai abin da ya tsinta a aji. Mutane da yawa sun yi murna, har da waɗanda ba sa ga-maciji da sojan.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Lesin bai mutu ba, ɓuya ya yi. Malamai suka koma koyarwa a asirce, wasu suna shiga gidaje da sunan dangi ne suka zo ziyara. Da yake kuma sana'ar ta zama ta kasada, sai malami ya ɗora kuɗin kasadarsa a kan farashi. Wa ke iya biyan sabon farashin? Mutumin da aka kafa dokar don a taka masa birki. Matsakaicin ma'aikaci da a da yake lallaɓawa ya biya, shi ne aka bari a tasha. Sannu a hankali aka riƙa sassauta dokar, har a watan Afrilun 2000 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke ta, ta ce gwamnati ta wuce gona da iri wajen hana iyaye nema wa 'ya'yansu ilimi.

Yau in ana maganar lesin a duniya, Koriya ta Kudu ake fara ambata. Cibiyoyin da suke kira hagwon sun cika manyan birane. A unguwar Daechi da ke Seoul za ka ga dogon bene, kusan kowane hawa cibiya ce, kuma da ƙarfe goma na dare titi yakan cushe da motocin iyayen da suka zo kwasar 'ya'yansu. Goman ma doka ce ta tilasta, don hukumomin birnin sun hana cibiyoyin wuce wannan lokaci, har a 2009 gwamnati ta fara ba da tukwici ga duk wanda ya tsegunta mata cibiyar da ta karya ƙa'ida. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 2024 iyaye sun kashe won tiriliyan 29.2, kimanin dala biliyan 20, a kan ƙarin karatun 'yan firamare da sakandare, kuma takwas cikin kowane ɗalibai goma suna zuwa lesin. Har zuwa 2024 ɗin kuɗin hawa yake ta yi alhali yawan yaran sauka yake yi, domin ƙasar tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin haihuwa a duniya, kuma tsadar karatun yaro tana cikin dalilan da ma'aurata ke bayarwa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kuɗin ya rabu: abin da gidaje masu samu ke kashe wa yaro ɗaya a wata ya ninka na gidaje masu ƙaramin ƙarfi fiye da sau uku.

Duk wannan tseren saboda yini ɗaya ake yinsa. Wata Alhamis cikin Nuwamba ake rubuta jarabawar shiga jami'a, wadda suke kira Suneung. A ranar ma'aikatu da kasuwar hannun jari sukan jinkirta buɗewa don hanya ta samu sarari, 'yan sanda su goya wanda ya makara a babur, a kuma dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kimanin rabin awa lokacin da ɗalibai ke sauraren Turanci, kada ƙara ta dame su. Ƙasar da ta riƙe adalcin ranar jarabawa da hannu bibbiyu har haka, ita ce kuma ta kasa shawo kan rashin adalcin shekaru goma sha biyun da suka gabaci ranar.

Masanin da ya fi kowa bin diddigin wannan harka, Mark Bray na Jami'ar Hong Kong, ba baƙonmu ba ne. Ya koyar a sakandare a Najeriya, kuma a 1981 ya wallafa littafi a kan yadda shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya kaya a jihar Kano. A 1999 ya rubuta wa UNESCO wani ɗan littafi da ya yaɗa sunan da masana ke kiran harkar da shi yanzu, wato ilimin inuwa, saboda duk inda makaranta ta karkata nan lesin zai karkata: a sauya manhaja yau, gobe cibiyoyi sun sauya tasu. Bincikensa ya nuna abin bai tsaya a gabashin Asiya ba. Yana Masar, yana Indiya, yana Ingila, yana kuma bazuwa a Afirka, inda ba kasafai gwamnatoci ke ko ƙididdige shi ba.

Mu dai ba sai an kawo mana ƙididdiga ba. Kowa ya san gidan da malami ke zuwa da la'asar a babur, a shimfiɗa masa tebur a falo, yaro ɗaya ko biyu a gabansa, a kawo masa ruwa mai sanyi. Kowa ya san makarantar kuɗin da ke tashi ƙarfe biyu a takarda amma ba ta sakin yara sai huɗu, ta rubuta "kuɗin lesin" a ƙasan kuɗin zango, kuma babu zaɓi. Tsakanin waɗannan akwai wanda ya fi yawan jama'a, wato cibiyoyin share fagen WAEC da NECO da JAMB.

Ka leƙa ɗaya daga cikinsu ana gab da JAMB. Ko aji ne na wata makaranta da aka yi haya bayan an tashi, ko shago biyu da aka fasa bangon tsakaninsu. Samari da 'yan mata sun cika benci, kowa riƙe da littafin tsofaffin tambayoyi wanda gefensa ya yi baƙi don yawan juyawa. Malamin, galibi ɗalibin jami'a ne ko wanda ya gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, ba ya ɓata lokaci wajen bayanin tushen abu. Hajarsa dabara ce. "Wannan tambayar tana yawan fitowa. In ka ga an juya ta haka, amsar ba ta canza ba. In ba ka sani ba, fara zubar da biyun da ba su yi kama da gaskiya ba. Kar ka tsaya kokawa da tambaya ɗaya, wuce ka dawo." A ɗakin baya akwai 'yan kwamfutoci da ƙaramin janareta, ana shiga bi da bi, a saita wa kowa agogo.

Kada a raina ɗakin bayan nan. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya saba zama gaban irin wannan allo ya san inda zai danna ya wuce, ya san lungun da agogo yake, hannunsa ba ya rawa. Yarinyar da ta fito daga makarantar je-ka-ka-dawo ta ƙauye, wadda ranar ce ta fara ɗora yatsa a kan madannai, tana iya ƙone minti 10 na farko tana fargabar kada ta taɓa wani abu komai ya goge. Minti 10 kuwa tambaya 15 ce. Hukumar ta yi nata ƙoƙarin: ta taƙaita abin zuwa maɓallai takwas, ta kuma fito da jarabawar gwaji tun 2017. Sai dai gwajin ma da kuɗinsa, cibiyoyin kuma galibi a manyan garuruwa suke. Ga shi a 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO su ma kan kwamfuta.

A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi kusan mutum 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarabawa. Ko an ɗebe waɗannan, abin da ya saura ya isa ya tayar wa kowane uba hankali. Uban da hankalinsa ya tashi kuwa ba ma'aikatar ilimi yake dosa ba. Lambar malamin lesin yake nema.

Da a ce lesin damfara ce zalla, da maganar ta zo da sauƙi, sai mu ce wa iyaye su riƙe kuɗinsu. Abin takaicin, yana aiki. Tun 1984 wani masanin ilimi na Jami'ar Chicago, Benjamin Bloom, ya ja hankalin duniya ga irin ratar da ɗalibin da aka zauna da shi shi kaɗai ke ba wa wanda aka koyar cikin taro. Waɗanda suka zo bayansa ba su samu rata mai faɗin tasa ba, amma sun samu. A 2020 wasu masu bincike suka tattara gwaje-gwaje 96 da aka yi a kan koyar da yara ɗaiɗai ko cikin ƙaramin rukuni, suka ga yana cikin hanyoyin da suka fi ɗaga karatun yaro, musamman in ana yinsa aƙalla sau uku a mako, a cikin lokacin makaranta, a hannun wanda aka horar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. Malamin da ke gaban yara ɗari ba yaro yake bi ba, manhaja yake bi. Zango yana ƙarewa, dole ya kai inda aka ce ya kai. Yaron da lissafin rabawa ya kuɓuce masa a aji huɗu na firamare, saboda zazzaɓi ya kwantar da shi ko an tura shi gona, ba mai komowa ta kansa. A aji biyar za a ɗora masa wani abu a kan wannan ramin, a ƙaramar sakandare a ɗora wani, kafin ya kai aljabara ya zama mai kwafar allo kawai, ya kuma yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kan lissafi. Malamin lesin na ƙwarai, cikin zama biyu zai gano ramin ya cike shi. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duka suna faɗawa irin wannan rami. Bambancin, ɗaya ana zura masa igiya.

Ban ce kowane lesin haka yake ba. Da yawa haddar amsa ce, wadda ke bajewa mako guda bayan jarabawa, shi ya sa malaman jami'a ke kukan ɗaliban da suka shigo da maki mai tsoka amma ba sa iya rubuta sakin layi ɗaya da kansu. Akwai kuma ƙazamin ɗan'uwansa, wuraren nan da ake wa laƙabi da mirakul santa, inda ba karatu ake sayarwa ba, amsa ake sayarwa ranar jarabawa. Wannan sata ce, maganinta hukunci, ba ta cikin abin da muke tattaunawa.

Ko mai kyan ma yana da wata illa da ba a gani sai an ja da baya. Guraben likitanci ko lauya ko injiniya a jami'a ƙididdigaggu ne, ba sa ƙaruwa don yara sun ƙara ƙwazo. In rabin masu nema suka je lesin makinsu ya hau, abin da zai hau shi ne makin da ake yankewa. Kamar kallon Hawan Daushe ne: na gaba ya hau benci don ya fi gani, na bayansa dole ya nemo abin da ya fi benci tsawo, a ƙarshe kowa yana tsaye a kan wani abu, ƙafafu sun gaji, ba wanda ya ƙara ganin komai, sai dai wanda ya zo hannu rabbana ya daina hango ko kan doki. Wannan ne ya sa ba na ganin laifin uban da ke biya. Shi kaɗai ba zai iya sauka daga bencin ba.

Za a ce ai muna da kariya, tunda tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda yawancinsu namu ne. Haka ne. Amma kason jiha ba ya tambayar daga wane gida yaro ya fito. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, malamai uku suna zuwa masa gida, da ɗan manomin da makarantarsu ba ta da malamin kimiyyar sinadarai, dukkansu takardar ƙaramar hukuma iri ɗaya suke miƙawa, su nemi gurbi ɗaya da sunan jiha ɗaya. Mun daɗe muna auna gibin da ke tsakaninmu da Kudu. Wanda ke tsakanin unguwannin masu hali da ƙauyukanmu, a cikin jiha guda, ba mu cika son a taɓo shi ba, watakila don masu rubutu da masu yanke shawara mun san ɓangaren da 'ya'yanmu suke.

Ko a gida ɗaya ma rabon ba daidai yake ba. In kuɗin lesin na mutum ɗaya ne, an san wanda za a ba wa tsakanin Yaya da ƙanwarsa. In kuma darasin na bayan magariba ne, ba kowane uba zai bar 'yarsa ta fita ba, kuma da gaskiyarsa. Ita ce kuma za ta dawo ta tarar da wanke-wanke ko farantin talla.

Nau'in da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne na malamin da ke karɓar kuɗi a hannun ɗaliban ajinsa. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya taɓa jin wannan jimlar ko irinta: "Lokaci ya ƙure, za mu ƙarasa a lesin." An taɓo babi an bar shi a rataye. Da yamma waɗanda suka biya su dawo a ƙarasa musu, kuma ba abin mamaki ba ne tambayoyin ƙarshen zango su yi kama da misalan da aka yi da yammar. A nan ba ƙari ake sayar wa mai kuɗi ba. Haƙƙin talaka, wanda gwamnati ta riga ta biya, shi aka yanko aka kai kasuwa. Gwargwadon lalacewar darasin safe, gwargwadon cikar na yamma, wato an ba malami riba a cikin gazawarsa. A Masar abin ya kai inda azuzuwan shekarar ƙarshe ta sakandare kan zama kusan wayam, ɗalibai suna can cibiyoyi, inda sau da yawa malaman makarantun ne dai ke koyarwa.

Na san amsar da malamai za su ba ni, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma malaman firamare a wurare da dama sun sha jira kafin ya iso gare su. A ƙananan makarantun kuɗi akwai masu karɓar abin da bai kai haka ba. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, in ka ce kada ya nemi na cefane da abin da ya iya, ka zalunce shi. To ya nema, amma ba a jikin yaran da aka damƙa masa amana ba. Ya koyar da na wata makaranta, ya buɗe cibiyarsa. Wannan iyaka ce da shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya tsarewa ba tare da an kira ɗan sanda ba. Kenya ta sa haramcin darasin hutu a dokar iliminta ta 2013, amma har yau ana yi da wasu sunaye, domin doka ba ta cika tukunya.

Ƙasar Sin ce ta gwada ƙarfin tuwo na baya-bayan nan. A watan Yulin 2021 ta hana kamfanoni cin riba da koyar da manyan darussa ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma hana darasin ƙarshen mako da na hutu. Cikin 'yan watanni harkar da ake ƙiyasta ta da dala biliyan ɗari ta durƙushe. Kamfanin New Oriental kaɗai ya sallami ma'aikata 60,000, ya yi kyautar teburansa da kujerunsa ga makarantun karkara, mai shi ya koma tallar amfanin gona ta intanet. Amma jarabawar shiga jami'a tana nan inda take, a 2025 ma mutum fiye da miliyan 13 ne suka yi rububinta. Sai labarin Koriya ya maimaita kansa: malamai suka riƙa shiga gidajen attajirai da sunan masu aikin gida, farashi ya tashi. In gwamnatin da ke da ido a kowane lungu ta kasa, ban ga ta yadda wata ma'aikatar ilimi tamu za ta iya ba.

Koriyar ta gwada wata dabarar da ta fi hankali. A 2004 ta sa gidan talabijin ɗinta na ilimi, EBS, ya fara watsa darussan share fagen jarabawa kyauta, daga 2010 kuma aka ɗaure kashi 70 cikin ɗari na tambayoyin da littattafan gidan. Yaron da ke tsibiri ya samu malamin da a da sai ɗan Seoul. Ba a rabu da Bukar ba, don cibiyoyin sun koma koyar da littattafan EBS ɗin, daga baya ma aka rage kason zuwa 50. Duk da haka alƙiblar ta fi ta 1980: maimakon a ƙwace wa mai shi, a ba wanda ba shi da shi.

Wannan alƙibla ba sabuwa ba ce a wurinmu, mantawa muka yi. A 1977 gwamnatin Kano ta ga ba ta da 'ya'yan da za su cike guraben kimiyya a jami'a, sai ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta zaɓo yara ta hanyar jarabawa, ta tara musu malamai da kayan aiki da abinci. Likitoci da injiniyoyi da yawa da ake ji da su yau 'ya'yan manoma ne da suka bi ta nan. Makarantun share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke da ita a Funtuwa, da shirin IJMB, su ma ƙarin karatu ne da hukuma ta ɗauki nauyin shiryawa don wanda sakandarensa ta gaza masa. Iyayenmu ba su ce yaron ba shi da ƙwaƙwalwa ba, cewa suka yi bai samu malami ba.

Sai dai waɗancan na 'yan ƙalilan ne da aka tace. Abin da ya fi dacewa da yawanmu na yau ya fito ne daga Indiya. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar Pratham ta riƙa ɗaukar 'yan mata da suka gama sakandare a cikin unguwa, ta ba su ɗan horo, kowace ta ware yaran da aka bari a baya a aji ta zauna da su awa biyu kullum a kan karatu da lissafi na tushe. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna shirin a biranen Vadodara da Mumbai, suka ga ya yi tasiri, kuma mafi rauni a aji su suka fi amfana, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan aka samo tsarin koyar da yaro daga inda ya tsaya: a gwada shi, a haɗa shi da waɗanda suke mataki ɗaya ko da ajinsu daban, in ya iya ya matsa gaba. An gwada shi a Borno, an kuma gwada a Kano a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil daga 2019, inda aka fara wa yara da karatun Hausa.

Wanda ya yi makarantar allo zai yi murmushi, don ya san tsarin tun kafin a auna shi a Mumbai. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ba ya yi maka ƙari sai ka iya na jiya, manya suna biya wa ƙanana, kuma ba a taɓa jin an ce wanda bai kawo kuɗin Laraba ba a ɓoye masa rabin darasi.

Saboda haka abin da ya rage aiki ne, kuma ba mai tsada ba. Azuzuwan gwamnati da yawa a rufe suke daga azahar. Ɗaliban kwalejojin ilimi suna neman inda za su yi koyon aiki, masu bautar ƙasa suna zaune a sakatariyar ƙananan hukumomi ba abin yi, masu digiri suna cike da majalisun unguwa. Jihar da ke iya biyan kuɗin NECO ga waɗanda suka ci jarabawar tantancewa, kamar yadda Kano ke yi, ya kamata ta tambayi kanta su wa ke cin tantancewar, su wa ke faɗuwa, kuma me aka yi musu kafin ranar. Biyan kuɗin jarabawa ga yaron da ba a koyar ba, sayen masa takardar faɗuwa ne.

Ga kuma 'yan majalisa da attajirai da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu raba fom ɗin JAMB kyauta duk shekara, a ɗauki hoto a sa a Facebook: Allah ya saka da alheri, amma fom ba karatu ba ne. Ku raba kuɗin biyu. Rabi ku sayi fom ɗin, rabi ku ɗauki malaman lissafi da Turanci da kimiyya su riƙa zama da yaran nan sau uku a mako tun suna aji huɗu na sakandare, da rana tsaka yadda 'yan mata za su iya zuwa, a makarantar garinsu ba a hedikwatar jiha ba. Ku ajiye musu kwamfuta ko goma ce da farantin sola, kowane yaro ya zauna gabanta kafin ranar jarabawa. Shekara mai zuwa kuma, kafin ku gaya mana yawan fom ɗin da kuka raba, ku gaya mana yara nawa ne daga cikinsu suka samu gurbi.